Faifan Auta

Shagon Mai Faifai yana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai yankan makulli. In ta miƙa hannayenta biyu, bango da bango take taɓawa. A ciki akwai kanta, da kujera, da tsohuwar kwamfuta, sai injin. Injin ya cinye rabin kantar. Akwati ne ruwan toka mai murfi a sama, da tankin roba a gefe inda ake zuba masa ruwa. A sa faifan kwamfuta da ya karce, a rufe, soso biyu su yi ta juyawa a kansa suna cin fatarsa kaɗan-kaɗan har karcen ya ɓace.

Ta gaji da yi wa mutane bayani cewa abin da ke cikin faifai ba a saman nan mai sheƙi yake ba. Yana can ƙasa, roba mai haske ta rufe shi. Robar ce ke karcewa, ita injin ke ci, kuma ba ta tsirowa. In aka ci ta da yawa, faifan zai fito yana ƙyalli kamar madubi, amma babu kwamfutar da za ta sake gane shi. Shi ya sa duk faifan da ya shiga injinta, sai ta ɗiga masa baƙar tawadar maka a wuya, kusa da ramin tsakiya. In ya dawo bayan shekaru, ɗigon zai gaya mata sau nawa ta taɓa shi, da abin da ya rage mata ta ci.

A da layi ake yi a bakin shagon. Yanzu sai masu tara tsofaffin wasannin kwamfuta, da ma'aikatan da aka aiko da faifan ofis, da tsofaffin da ba su yarda da waya ba. Mai Agogo yakan ce shi da ita zaman makokin sana'a suke yi. Takan ce masa tasa ce ta fara mutuwa, ita ta zo gaisuwa ne kawai.

Ranar da Auta ya zo, tun daga sallamarsa ta san da magana. Ƙaninta ne, na ƙarshe a ɗakinsu, ya haura arba'in har ya aje tumbi, amma a wurinta Auta ne. Yana da shagon surfani a can ƙasan layi, da ma'aikata uku, da wani inji mai kawuna huɗu da kwamfuta ke tuƙawa. Ya tsaya da tef a wuya, ya gaishe ta da ladabin da bai saba ba, ya tambayi lafiyar maigidanta har sau biyu.

Ta ce ya faɗi abin da ya ɓata.

Kwamfutar shagon ce ta mutu. Mai gyara ya sauya mata ma'ajiya, ta tashi, amma ta tashi ba ta san injin surfani ba. Sai an mayar mata da manhajar da ke cikin faifan da ya zo tare da injin. Kamfanin ya daɗe da rufewa, mai gyaran ya duba ko'ina bai samu irinta ba. Ga aikin bajon rigunan wata makaranta da ya karɓa, ɗalibai za su koma farkon mako. In bai kai ba, aikin ya tafi wani shago, kuma ba na bana kaɗai ba. Mafi muni, in faifan bai karantu ba, injin nan mai kawuna huɗu ya zama ƙarfen da za a auna a kilo, ma'aikatansa uku kuwa kowa ya kama gabansa.

Ta tambaye shi ina kwafin da ta taɓa yi masa. Ya dubi ƙasan matakala kamar a can amsar take. Ya bar shi a gaban mota, rana ta naɗe shi kamar busasshen ganye.

Ya miƙo mata faifan a cikin ƙyallen yadi. Tun kafin ta warware, ƙamshin man goge baki ya bugi hancinta. Auta ya yi saurin cewa a waya ya gani, wai yana cire karce. Ta ɗaga faifan a fitila. Akwai layi ɗaya mai zurfi can wajen baki, aikin almakashi ne, don a aljihun tebur ɗaya ya aje su. Sauran fuskar kuwa ta yi dishi-dishi da ƙananan zobba, inda ya yi ta murzawa yana zagayawa. Karcen da ya ratsa faifai daga ciki zuwa waje, kwamfuta na iya tsallake shi. Wanda ya bi zagaye shi ne mugu, don hanyar da take bi ta yi karatu ya bi. Auta ya yi wa faifansa irinsu ba iyaka, da hannunsa, da kyakkyawar niyya.

Duk wannan bai dame ta ba, aikinta ne. Sai da ta duba wuyan faifan gabanta ya faɗi. Tas yake. Man ya wanke ɗigon.

Ta san faifan nan ya taɓa shiga injinta. Abin da ba ta sani ba, sau biyu ne ko sau uku. In biyu ne, da sauran wurin da soso mai kaushi zai ci. In uku ne, babu. Ta tambayi Auta, ya ce shi dai ya san yana zuwa ta gyara.

"Wani baƙi-baƙi na gani a tsakiya," in ji shi, "na ɗauka datti ne."

Mai Agogo, wanda kunnensa ke shagonta fiye da nasa, ya leƙo ya ce a yi wa yaro afuwa, tsabta ce ta yi masa yawa.

Ta wanke faifan, ta ɗaura soso mai laushi, ta ɗiga farin ruwan gogewa, ta rufe murfin. Injin ya yi gurnaninsa na ɗan lokaci ya tsaya. Dishi-dishin ya tafi, layin almakashi na nan. Ta sa faifan a kwamfutarta ta ce ta kwashe abin da ke ciki. Karatu ya tafi sumul har ya kusa ƙarshe, sai na'urar ta fara ƙugi, ta koma baya, ta sake gwadawa, ta haƙura.

Auta ya ce ai maganin a fili yake, a sa mai kaushin nan a share layin gaba ɗaya. Shi a wurinsa aikin da ido ke ganin aibunsa bai ƙare ba, haka ya koya a kan yadi. Ta ce masa yadi ana warwarewa a sake, wannan kuwa abin da aka ci ya tafi. Ya ce to tsoro take ji ke nan. Ta san gaskiya ya faɗa.

Tankin injin ya yi ƙasa. Ta ɗauki jarka ta zagaya famfon bayan bene, tana tafe tana lissafin shekarun da faifan ya zo, ko za ta tuna. Sau ɗaya dai lokacin da matar Auta ke da cikin fari. Sau ɗaya da damina. Na ukun ne ta kasa rantsewa a kai.

Tana dawowa, tun daga bakin matakala ta ji ƙarar. Kowane soso da muryarsa, kuma wannan ta mai kaushi ce, tana fita a bushe, babu ruwa. Shekarunta sun wuce gudu, amma rabin ruwan jarkar a ƙasa ya ƙare. Ba ta nemi maɓalli ba, wayar ta fizge daga bango.

Auta na tsaye a bayan kanta, hannunsa a kan murfi. Ya ce ya sha ganin yadda take yi, kuma lokaci na tafiya.

"Fita," in ji ta.

"Yaya."

"Ka fita daga bayan kantata."

Ya fita. Mai Agogo ya tura masa kujera ya ce ya zauna, shi ma an taɓa korarsa daga nan, kuma ga shi bai mutu ba.

Ta buɗe murfin. Faifan da ɗumi, fuskarsa ta yi fari kamar an barbaɗa gari. Zafi ne abin tsoro, don faifan da ya lanƙwashe ya gama yawo. Ta kwantar da shi a gilashin kanta, ta danna bakinsa da yatsa ta wannan gefe, ta danna ta wancan. Bai yi rawa ba. Ta bar shi ya huce, ta ɗaga shi a fitila, ta ja farcenta a kan layin almakashi. Ɗazu farcen na maƙalewa. Yanzu wucewa yake yi, da ɗan tuntuɓe kaɗan.

Ta daɗe tana kallonsa. Soson ya ci kusan rabin zurfin layin. Abin da ta tsaya tana jin tsoron yi, wawan nan ya yi shi, kuma da ta ƙara jinkiri a famfo da ya wuce gona da iri. Ta yanke a ranta ba zai taɓa jin wannan daga bakinta ba.

Ta cika tanki. Ta cire mai kaushin ta jefa aljihun kanta, ta ɗaura matsakaici, ta ba shi ɗan gajeren zagaye da ruwa sosai. Ta tsayar, ta taɓa faifan da bayan yatsa, ta jira. Sannan mai laushi, shi ma a gajarce, ta tsayar, ta jira, ta sake. Wani mai wasan kwamfuta ya zo da nasa faifan, ta ce ya dawo gobe ba tare da ta ɗago ba. Farin ya washe, haske ya dawo. Layin bai tafi ba, amma bakinsa ya kwanta, ya zama kamar gashi ɗaya a kan ruwa. Nan ta kashe injin.

Auta, wanda ya matso har bakin ƙofa bai yarda ya tsallako ba, ya ce har yanzu yana hango layin.

"Kai za ka karanta shi?" in ji ta.

Ta sa faifan a kwamfuta, ta rage mata gudu yadda za ta bi a hankali. Karatu ya tafi. Mai yankan makulli ya kashe injinsa ya zo ya tsaya, Mai Agogo ya ɗaga gilashin idonsa zuwa goshi. Da aka iso inda aka tsaya ɗazu, na'urar ta yi ƙugi, ta koma baya. Ta sake zuwa, ta sake komawa. Mai Faifai ta ɗora tafin hannu a kan na'urar, ba don yana da wani amfani ba. A zuwa na gaba ƙugin ya sauka, ya zama shuu, karatu ya wuce ya kai ƙarshe.

Mai Agogo ya ce shi dama ya san za a yi. Auta ya buɗe baki zai yi godiya, ta ce ya bari tukuna, kwafi bai zama aiki ba sai injinsa ya motsa. Ta zuba manhajar a sababbin faya-fayai biyu da filas, ta bar ɗaya a kwamfutarta, don ta san da wanda take hulɗa. Ta kulle shago ta bar wa Mai Agogo makulli. Ba za ta ba Auta ya kai da kansa ba, in ji ta, tsakanin nan da ƙasan layi akwai rana, akwai mota, akwai almakashi.

Shagon surfanin ya yi tsit kamar ɗakin jira na asibiti. Ma'aikata biyu na zaune a kan dilar yadi, na ukun na jera zare kala-kala da aka riga aka jera. Matar Auta ta tare ta da ruwa, ta ce tun shekaranjiya mijinta bai ci abincin kirki ba. Mai Faifai ta dubi tumbinsa ta ce yana da ajiya.

Ita ta zauna gaban kwamfutar. Manhajar ta shiga ba gardama. Daga nan kuma ta tashi ta ba shi kujerar, don iyakar saninta ke nan. Auta ya zauna, sai ya zama wani mutum daban. Ya daina kame-kame. Ya kira zanen bajon, ya gyara wani harafi da ya karkace, ya ce a ɗaure yadi a firam, ya bi kawunan huɗu ɗaya bayan ɗaya yana jan zare da yatsa yana jin taurinsa. Ya ce a sassauta na uku. Ma'aikatan na motsi kafin ya rufe baki. Ya danna.

Allurai huɗu suka sauka tare, ƙasa ta ɗauki rawa. Shuɗi ya zagaye, ruwan ɗorawa ya cika tsakiya, farin zare ya bi ya rubuta sunan makarantar. Babban ma'aikacin ya yi hamdala, matar Auta ta koma bakin kanta ta fara amsa wayar da take ta ƙin ɗauka.

Da bajon farko ya fito, Auta ya yanke shi ya miƙa wa Mai Faifai da hannu biyu, ya ce wa yaransa, da ƙarfi don injin na ƙara, "Yayata ce."

"Sun sani," in ji ta.

Ta karɓi bajon. Ba ta tsaya kallon fuskarsa ba, ta juya bayansa, ta matsa bakin taga, ta bi shi da farce layi-layi tana neman zaren da ya yi sako-sako ko ƙullin da ya taru. Ta yi niyyar ta samu ko ɗaya ne. Ta bi shi har gefe, ta sake dawowa. Babu.

Ta sa shi a jakarta ta ce wannan nata ne, ya ɗinka wa makaranta wani.