Abin da Ɗayyabu Ya Yafe

"Malam Ɗayyabu, ka yafe mata?"

Karo na biyu ke nan Liman Ramalan yana tambaya. Mun riga mun wanke Hadizatu, mun suturta ta, makara na ajiye a ƙofar ɗaki, maza sun cika zaure har kan titi. Ba a jiran komai sai mijinta ya ce "na yafe", a ɗauka.

Ɗayyabu na tsaye a gindin mangwaron tsakar gida, idonsa a ƙasa, yana murza bakin hannun rigarsa.

"Kai, wannan wace irin zuciya ce!" in ji Labaran, yayan Hadizatu, wanda ya taho daga unguwar Cissin a kan moto, wato babur, tun da safe. "Ƙanwata ta ƙare rayuwarta tana lallaɓa ka, yau kalma ɗaya ta gagare ka?"

Ni Rokia, mai sayar da benga, wato dafaffen wake, a ƙofar gidan, katanga ɗaya ce tsakanina da su tun ranar da aka kawo ta amarya. Duk unguwarmu ta Zongo an san bakina ba ya da linzami, kuma wallahi ranar saura ƙiris in saki shi. Sai na hango Inna Indo, mahaifiyar Hadizatu, zaune a tabarma, carbi ya tsaya cak a hannunta. A wurin tsohuwar nan, aljannar mace na ƙarƙashin ƙafar mijinta. In aka fita da 'yarta ba a ji kalmar nan ba, to da wannan tabon za ta shiga kabari.

Su Labaran ba su san Ɗayyabu ba, ganinsa kawai suke yi. Ba ya kallon mutum cikin ido, hayaniya na sa shi toshe kunne, in ka tambaye shi abu sai ya yi shiru kamar bai ji ba, can sai amsa ta fito. Da yana yaro aljanu aka ɗora wa laifin. Sai bayan aurensu wata likita ta ce abin otizim ake kiransa, haka aka halicce shi, ba kuma wani rubutun sha da zai canza shi. Hadizatu ta dawo tana dariya ta ce da ni, "Yaya Rokia, ashe mijina ba ya da ciwon komai, mu ne masu gaggawa."

Wata rana na tsokane ta na ce, "Ke yaya kike zama da mutumin da ba ya ce miki kin yi kyau?"

Ta ce, "Ranar da na yi, yana faɗa. Ranar da miyata ta yi gishiri ma yana faɗa. Ke naki mijin fa?"

Nan kam ta same ni.

Kullum in ya dawo daga kasuwar Rood Woko, inda yake ninke atamfa a shagon kawunsa, benci ɗaya suke zama a kai, kafaɗa da kafaɗa, suna fuskantar mangwaro, tana tsince mini wake a faranti. Ba ta taɓa zama gabansa ba. Takan tambaye shi abu ɗaya, ta ci gaba da tsintar wakenta har amsa ta iso. Ƙa'idar gidansu ɗaya ce: ba kewaye-kewaye, ba ƙaryar lallashi.

Na gyara mayafina na je na durƙusa wurin Inna.

"Inna, ba zai iya magana ba mutane na tsaye a kansa. Ki tashi ki zauna a bencin nan, inda take zama."

Ta zaro ido. "Ni? Kusa da surukina? Rokia, kin taɓa ganin an yi haka?"

"Ban taɓa ba. Amma 'yarki na jira."

Ta daɗe tana kallon makarar. Sannan ta dafa kafaɗata ta miƙe. Na juya na ce, "Malam Liman, don Allah a ja baya zuwa zaure, a ba su wuri." Labaran ya buɗe baki, Liman ya kama hannunsa suka fita.

Ɗayyabu ya zo ya zauna a gefensa na kullum. Inna ta zauna a ɗaya gefen bencin, ta kafa wa mangwaro ido.

"Ɗana, akwai abin da ta yi maka?"

Ana jin motoci na wucewa a titi, wata akuya na kuka a bayan gida. Na ga Inna za ta sake tambaya, na girgiza mata kai.

"Akwai," in ji shi. "Jiya da safe na ce zan zauna da ita. Ta ce ta ji sauƙi, in tafi kasuwa. Ba ta ji sauƙi ba. Ta sani. Ba ta taɓa faɗa mini abin da ba haka yake ba sai jiya. Na dawo ban same ta ba."

Ni a hannuna ta cika, ana sallar azahar. Na ce daga inda nake, "Gaskiya ne, Malam, ta sani. Ta ce mini gidan zai cika da kuka da mutane, ba ta son abin ya same ka a tsakiyarsu."

"Da na toshe kunnena na zauna," ya ce. "Ai zan iya."

Inna ta fashe da kuka. "Za ka iya, ɗana. Ta yi kuskure."

Ya daina murza rigarsa. Ni dai na sha jin maza na cewa "na yafe" tun kafin liman ya rufe baki, har da waɗanda su ne ya kamata su nemi gafara. Ban taɓa ganin wanda ya zauna ya auna maganar ba sai shi.

Ya tashi da kansa ya je bakin zaure, idonsa a kan takalman mutane.

"Malam, abu ɗaya ta yi mini. Na yafe mata shi. Sauran duka alheri ne."

Liman ya ce, "Allahu akbar." Labaran ya rufe fuskarsa da hula. Da aka ɗaga makara, shi ya matsa ya bar wa Ɗayyabu gaba.

Bayan sadakar bakwai, Labaran ya zo da moto zai mayar da Inna Cissin, ta ce ya je, za ta neme shi. Da la'asar na leƙa ta katanga in karɓi farantina. Na same su a bencin, Ɗayyabu a gefensa, Inna a can ƙarshe, farantin wake a tsakaninsu. Inna ba ta gani sosai, sai ta tura tsakuwa cikin wake mai kyau, shi kuma ya sa yatsa a hankali ya fitar da ita.