Ilu ko Rilwanu

…ɗazu ma yana nan, Batula. A cikin keken da ya kawo mu yana kan harshena, har na maimaita shi sau uku muna wuce bakin kasuwa. Yanzu da na zauna kan bencin nan na ƙofar ofishin hedimasta sai sunan ya zama biyu. Ilu. Rilwanu. 'Ya'yan Arɗo ne su biyun, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaya shi ne uban yarinyar nan Na'ima, ya rasu. Ɗayan ya shiga daji, yana cikin masu bindiga. Wanne ne wanne?

Da kina raye da waiwayawa kawai zan yi. Shekara arba'in da wani abu ke ce mai riƙe min sunayen mutane, ni nawa littattafai ne. In baƙo ya yi sallama sai in ji muryarki ta bayan zana, Malam, ɗan wance ne fa, wanda ka yi wa wankan allo… ba wankan allo ba, saukar karatu. Kin ga irin ta ko? Haka kalmomi suke min yanzu, in miƙa hannu ga wannan sai waccan ta zo.

Ga su can ƙarƙashin itacen bedi, uwar da ɗiyar. Adama ta ja mayafi har goshi, ta juya wa ofis baya. Na'ima kuwa tana tsaye, bakinta yana motsi, tana karanta rubutun da ke jikin bangon aji. Shekararta goma. Ta kai aji uku a makarantarsu ta wajen Rawayau kafin a watse, bara waccan, suka taso Dutsin-Ma da abin da hannu ya iya ɗauka. Aji huɗu take nema. Benci ɗaya, a makarantar gwamnati, cikin yaran unguwa. Shi ke nan abin da ya tara mu.

Makon jiya ne abin ya lalace, ni ba na nan, labari aka kawo min har gida. Hedimasta, Malam Zaharaddin, yana cike takarda, ya zo wajen sunan uba. Ya tambayi Adama, ta yi shiru. Ya sake tambaya, ta rufe fuska. To Bafulatana, a gaban maza cike da ɗaki, a ce ta kama sunan mijinta? Ko ke da kike Bahaushiya, Batula, sau nawa na ji sunana a bakinki? Ko sau ɗaya. Har kika koma ga Allah Malam kike cewa. Yarinyar kuma da Baffa ta san shi, tana shekara huɗu ya rasu, a rugarsu ma da laƙabi ake kiransa. Kunya ce kawai. Amma Alhaji Mutawakkil, shugaban kwamitin iyayen yara, ya ce ba kunya ba ce, ɓoyewa ce. Ya ce matar da ta kasa faɗin sunan uban ɗiyarta ta san abin da sunan yake ɗauke da shi. Daga baya wata malama ta ja Adama gefe, Adama ta raɗa mata sunan a kunne, sai Alhaji ya ce ai yanzu an makara, kowace mace za ta zaɓi sunan mai tsabta. Sai dai a kawo shaida daga waje, wanda gari ya sani, a tambaye shi shi kaɗai. Sunan na dajin kuwa, na yanka, Alhaji ya samo shi wajen 'yan sintiri, yana rubuce cikin aljihunsa.

Ba na ganin baƙin Alhaji, Allah ya sani. An tare masa mota cike da gero a hanyar Kurfi, an tafi da ƙaninsa, wata biyu kafin ya dawo, kuma bai dawo daidai ba. Wanda aka yi wa haka… Amma yarinya 'yar shekara goma? Wai in ba a tantance ba sai a sa ta ajin yamma, wanda suka ware wa 'ya'yan baƙi. Na leƙa ajin yamman nan. Ɗaki ne babu ƙyaure, babu allo, malamin da aka ce zai riƙa zuwa bai taɓa zuwa ba. Yara su zauna su tashi. Zaharaddin da bakinsa ya ce min doka ba ta san wani ajin yamma ba, kowane yaro aji ɗaya ne, amma iyaye sun ce za su kwashe 'ya'yansu, shi kuma baƙo ne a unguwar, me zai yi?

Ni ne shaidar. Ni na ɗaura auren, ni na raɗa wa yarinyar suna. Jiya na ce da Adama ta kwantar da hankalinta, yaron da na koya wa baƙi da wasali ai ba zai ɓace min ba.

Ilu…

Keke nake turawa, yashi ya hana ni hawa. Ina malamin Arabiyya a firamaren ƙauye, an ce kowane malami ya nemo yara. Arɗo yana zaune kan buzu, an kawo min ƙwarya cike da kindirmo. Sau huɗu ina zuwa. Ya ce, Malam, in na ba ka su wa zai bi min maruƙa? Na ce ya ba ni safiya, ya riƙe yamma. Ya yi dariya, ya ce tunda kai ne. Ya kira su biyu, suka fito daga bayan bukka, babba da ƙarami, tsakaninsu bai fi shekara ba, kai ka ce tagwaye. Ya dafa kan wannan ya ce… ya ce me? Hannunsa nake gani, zoben azurfa, kan yaron da aka yi wa aski aka bar tukku. Muryar ce ba ta zuwa.

An buga ƙararrawa. Yara sun fito hutun tara, sun cika fili, cikin kayan makaranta fari da shuɗi. Wasu 'yan mata uku sun tsaya nesa kaɗan suna kallon Na'ima. Ɗaya ta ce wani abu, suka yi dariya. Na'ima ba ta juyo ba, tana nan ga bangonta.

Haka aka yi wa waɗancan, 'ya'yan Arɗo. Ranar farko yara suka toshe hanci, wai suna warin man shanu. Ni kuwa, don a zauna lafiya, na ce su koma bencin baya kusa da taga. Don a zauna lafiya, Batula. Shekara uku suna bencin baya, ban taɓa dawo da su gaba ba, mantawa na yi ko sabo ne… Ɗaya bahago ne, wannan na tabbata. Na sha bugun hannunsa da rula don ya koma dama. Shi ne mai kyan rubutu. Ɗayan shi ne mai makara, kullum sai ya shayar da maruƙa kafin ya taho, kullum bulala biyu a bakin ƙofa, ba ya kuka, sai ya dube ni kawai. Ɗaya ya bari a aji uku, ɗaya ya gama shida. Bahagon ne ya gama? Wanda ya bari shi ne ya shiga daji? Haka hankali yake so ya shirya min su, amma na san ba lallai ba ne. Na ga wanda ya gama sakandare ya ɗauki bindiga, na ga wanda bai san alif ba yana tsoron Allah fiye da ni.

Ranar suna. Bari in bi ta ranar suna. Hantsi ne, an baza tabarmi gaban garke, ragon fari ne mai baƙin kai. Uban ya durƙusa kusa da ni ya sa baki a kunnena ya ce Na'imatu. Na ɗaga murya, na yi salati, na ce ɗiyar da Allah ya ba Malam… Malam…

Babu. Kamar shafin da ruwa ya taɓa, ko'ina rubutu yana nan sai wajen da kake nema.

To jana'izarsa? Ni na sallace shi. An tsince shi kan hanya ranar kasuwar Kurfi, har yau ba a san su wa suka yi ba, na daji sun ce 'yan gari ne, 'yan gari sun ce na daji ne. Likkafani ba ya nuna suna. A sallar gawa ma ba a kiran suna, sai dai a ce wannan mamaci. Ɗan'uwan bai zo ba, ko ya zo ya tsaya nesa? Akwai wani da ya tsaya can wajen kalgo da rawani har hanci…

Taku ashirin ne tsakanina da Adama. In tashi kamar zan kama ruwa, in bi ta gefenta in ce Ilu ne ko, ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Shi ke nan. Amma tagar ofis a buɗe take, ga hular Alhaji can ina gani, ya zauna inda zai hango ni da gangan. In ya gan ni wajenta, shaida ta ɓaci. In kuma ya gane dalili… Bai sani ba tukuna. Unguwa ba ta sani ba. Yaranmu ne kawai suka sani, tun ranar da na ja Magariba raka'a huɗu, babbanmu ya kama hannuna a hankali ya ce, Baba, ka huta haka nan, ƙafarka ce ba ta so. Ƙafa ya ce, Allah ya yi masa albarka. Har yanzu mutane na kawo min rabon gado da tambayar iddah, suna cewa Malam Rabe ba ya mantuwa. Da wannan sunan nawa yarinyar nan za ta shiga aji, in za ta shiga. In na ce na manta, ba ni kaɗai na faɗi ba.

In yi canki? Rabi da rabi. In na dace, ta zauna aji huɗu. In na kuskure, ni da bakina na ce ɗiyar ɗan bindiga ce, a gaban kwamiti, a rubuce, kuma ba makaranta kaɗai za ta rasa ba, ɗakin da aka ba su aro a unguwar ma ba za su kwana cikinsa ba. Kuma shaidar zur ce ko da na dace. Shekara nawa ina karantar da babin shaida? Mutum ba ya shaida sai kan abin da ya gani kamar rana. Ya Allah, kai ka san ban ɓoye ba, ɗauke min aka yi…

Ri-lwa-nu. In na faɗe shi a hankali sai in ga hannun hagu riƙe da fensir. In na ce Ilu, shi ma hannun hagu nake gani.

Ana kira na. Zaharaddin ne da kansa ya fito, ya rusuna, ya karɓi sandata. Ɗakin ya yi zafi. Mutum biyar, sun bar min kujera mai hannu. Alhaji ya miƙe ya ba ni hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, yau kuma lauyan Fulani muka samu?"

Aka yi 'yar dariya, ni ma na yi. Yana tambaya ina ba shi amsa. Rugar tana ina, na faɗa, har da rafin da ke gabas da ita. Sunan kakan, Arɗo Mutaru, ya fito da kansa ban nema ba. Shekarar auren, damina ce ko rani, wa ya yi waliccin Adama, duk suna zuwa a jere, muryata ma ta dawo irin ta da. Suna gyaɗa kai. Zaharaddin yana rubutu, fuskarsa ta saki. Alhaji ya sa hannu a aljihun gaba, ya fito da takardar a ninke, ya ɗora kan tebur ya danne da yatsa.

"Saura ɗaya, Malam. 'Ya'yan Arɗo biyu ne. Wanne ne ubanta?"

Ta taga ina hango ta. An koma aji, fili ya zama wayam, ita kaɗai ce a tsaye. Daga aji huɗu ana jin su suna bitar lissafi da waƙa, bakwai sau shida, bakwai sau bakwai, kuma leɓenta yana bin su. Tana riga su ma.

To in ɗiyar ɗayan ce fa?

Tun asuba nake haƙa kaina don in tabbatar musu ɗiyar mamacin ce, mai tsabta. Ban tsaya ko sau ɗaya na tambayi kaina ba… in ta na dajin ce, sai me? Ita ta tare motar? Ashe tun da na yarda na zo wannan ɗakin na riga na yarda da su, akwai yaron da ya cancanci benci akwai wanda bai cancanta ba, aikina kawai in nuna layin da za ta bi. Shi na dajin ma ai yana da 'ya'ya. Wa zai je ya zauna musu a ƙofar ofis?

Ya kamata in faɗi wannan. Ina da ayar, ina da hadisin, da can da na jero su har sai Alhaji ya sunkuyar da kai. Yanzu farkon ayar nake ji, ƙarshenta ya tafi. Kuma in na faɗa za su ce Malam ya kauce wa tambaya, Malam ma ɓoyewa yake yi, kamar uwar.

Bakin biron Zaharaddin yana kan layin, bai taɓa takarda ba. Mutum biyar suna kallon bakina. Na buɗe shi… na gaji, wallahi na gaji.

"Malam?"