Ofis a Kan Cinya

Justice bai gama kwarzanta laptop ɗin ba Nafeesa ta zuge jakarta, ta zaro wani guntun kwalin taliya ta ɗora a kan teburinsa.

"Oga Justice, bar maganar sauri da ƙarfin inji tukuna. Ɗora shi a kan wannan. Idan ya wuce bakin kwalin, ko kyauta ka ba ni ba na so."

Justice ya daɗe yana sayar da wayoyi da kwamfutoci a wata plaza a Wuse, ya ga masu saye iri-iri, amma mai zuwa da kwali bai taɓa gani ba. Ya ɗaga shi, ya juya gaba da baya.

"Hajiya, wannan kuma mene ne?"

Magdalene ce ta amsa tana ƙyalƙyala dariya. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma abokiyar zaman Nafeesa a bas ɗin Kubwa safe da yamma.

"Ofis ɗinta ke nan, oga. Ita ta auna da kanta, daga cikinta zuwa bayan kujerar gaba. Har kwandasta ya ɗauka tela ce."

Gaskiya Magdalene ta faɗa. Nafeesa ƙaramar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, tana kuma digiri na biyu a ƙarshen mako. Kundinta ya maƙale a babi na ƙarshe, malamin da ke duba ta kuwa ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: idan watan nan ya ƙare ba ta miƙa ba, wa'adinta ya cika, sai dai ta koma farko. To a ina za ta rubuta? Kwamfutar ofis guda ce, kuma kullum da mai ita a kai. A gida, tana sa ƙafa yara za su yanyame ta, ga tukunya na jira, ga wutar da ba ta da alƙawari. Lokacin da yake nata ita kaɗai a duniya shi ne wanda take ɓatawa a cunkoson hanyar Kubwa. Ta gwada rubutu da waya har babban yatsanta ya kumbura.

Mijinta Uthman ya ce ta sayi laptop ko da na hannu ne, kada ta ɓige da ƙaramin abu mai araha, don araha ba ta ado. Ta ce masa to, amma a ranta ta ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi Uthman a ƙafa yake zuwa wurin aikinsa, ina ya san yadda ake cusa mutum a bas kamar kayan wanki?

Justice ya ɗora laptop ɗin a kan kwalin. Ya leƙo ta hagu, ya leƙo ta dama. Nafeesa ta tafa hannu kamar wadda ta ci gasa.

"Ka gani? Sauko mini da wancan ƙaramin."

Ya sauko da shi yana ɓata fuska. Tablet ne mai araha, a cikin wata baƙar riga mai haɗe da kibod, da 'yar ƙafa a baya da ke tokare shi. Ya zauna a kan kwalin daram, har da sauran wuri. Nafeesa ta ƙura masa ido. Ta ji kamar ta sure shi ta ruga a guje.

"Hajiya, bari na faɗa maka gaskiya, don ba na son complain," in ji Justice da gurguwar Hausarsa. "Wannan ba ya da power. Ka buɗe abu da yawa, zai tsaya yana kallon ka. Kibod ɗin kuma ƙanana ne, kamar haƙorin jariri."

"Batir fa?"

"Batir kam, daga safe har yamma."

"To ni ba fim zan haɗa ba, rubutu zan yi. Amma gani ya kori ji. Ara mini bencin can."

Kafin Justice ya gane inda ta dosa, ta jawo bencin zuwa tsakiyar shagon, ta girke kujerar roba a gabansa, bayan kujerar na fuskantar bencin. Ta zauna, ta kafa gwiwoyinta a jikin kujerar, ta ɗora tablet ɗin a cinya. Magdalene ta matso ta hagu. Aka kira Perpetual, mai sayar da caja a shagon kusa, mace mai jiki masha Allah, ta cike dama.

"Ku matse ni sosai, ba wasa ba," in ji Nafeesa. "Oga Justice, kai ne direba. Kama bencin ka girgiza."

"Jesus! Ni?"

"Kai fa. Kuma kada ka tausaya mini."

Masu wucewa suka fara tsayawa a ƙofa. Justice ya kama bencin yana jijjigawa, tun yana jin kunya har abin ya shige shi, ya fara ƙwala kira da muryar kwandasta, "Kubwa! Kubwa! Mutum ɗaya!" Nafeesa ta manne gwiwar hannunta a haƙarƙari, yatsunta na tsalle a kan kibod. Haruffa suka fara jeruwa a fuskar tablet ɗin, layi ɗaya, layi biyu. Daɗi ya cika ta har ta saki ihu.

"Magdalene, yana yi! Wallahi yana yi!"

"Yanzu burki!" in ji Magdalene.

Justice ya fizgi bencin. 'Yar ƙafar ta zame ta faɗa tsakanin gwiwoyin Nafeesa, tablet ɗin ya kifa baya ya nufi ƙasa. Allah ya sa Perpetual na da zafin nama, ta cafe shi dab da siminti.

"Da ya fashe, Hajiya, ka saya ke nan," in ji Justice yana share gumi.

Murnar Nafeesa ta koma ciki. Direbobin Kubwa kuwa burki shi ne gaisuwarsu. Idan abin ba zai iya tsayawa a cinya ba, me ya raba shi da laptop ɗin? Ta tuna fuskar malaminta, ta tuna ƙarshen wata da ke ta matsowa, hawaye suka cika mata ido. Ta miƙe za ta ɗauki kwalinta ta mayar jaka, sai ta tsaya da shi a hannu tana kallo.

Ta koma ta zauna. Ta shimfiɗa kwalin a kan cinyarta, ta lanƙwasa bakinsa na gaba ya tashi tsaye, ta tokare 'yar ƙafar a jikin lanƙwasar.

"Oga Justice, akwai roba? Irin ta ɗaure kaya."

Ya lalubo guda a aljihun tebur. Ta zagaya ta da kibod ɗin da kwalin gaba ɗaya.

"Taka burki."

Ya fizga. Tablet ɗin ko gezau. Ya sake fizga da ƙarfinsa duka har Magdalene ta kusa faɗuwa, abin yana nan zaune. 'Yan kallo suka ɗauki tafi da sowa. Wani ma ya tambaya ko ana sayar da kwalin daban.

Aka yi ciniki, aka shirya. Nafeesa ta ƙi karɓar leda, ta rungume shi a ƙirji har tasha, bakinta har kunne.

Sun sami wuri a tsakiyar bas, nesa da taga. Motar ba ta gama fita ba ta kafa ofishinta, ta buɗe babin da ya hana ta sukuni. Sai dai yau, don tsabar rashin sa'a, hanya fetal take. Direba ya sakar wa motar wuta, iska na kaɗawa, fasinjoji sai murna suke. Wani dattijo a baya ya ce rabonsa da ganin hanyar nan haka har ya manta. Aka wuce Katampe kamar walƙiya. Nafeesa ta ɗaga kai, ta duba shafinta, ko sakin layi ɗaya ba ta cika ba. Haushi ya kama ta. Wace irin hanya ce wannan da ba ta san ranar da ake buƙatarta ba?

Dab da Gwarinpa direba ya taka burki. Kwalin ya riƙe. A gaba, jajayen fitilun motoci ne jere iya ganin ido, ba mai motsi. Bas ɗin gaba ɗaya ya ɗauki tsaki, direba ya kashe inji ya kifa kai a sitiyari.

"Alhamdu lillahi," in ji Nafeesa, da ƙarfin da ba ta yi niyya ba.

Duk motar aka juyo ana kallon ta. Magdalene ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Nafeesa ba ta ma gan su ba, ta riga ta shiga layi na gaba.