Bututun Bayan Katanga

Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa ta Gwandu ya yage bakin ambulan ɗin, ya zaro takardar, ya nisanta ta da idonsa saboda ya baro tabarau a gida. Hauwa'u tana tsaye a bakin ƙofa, tana jira ya sa hannu ta wuce.

"Ai wagga takarda mun same ta tun makon jiya," in ji shi. "Gayyatar taron rabon iri ce, har mun amsa. Don ita anka taso ki tun daga Kalgo?"

Hauwa'u ta karɓa ta duba. Haka ne, ita ce ma ta ga ana buga ta a ofis kwana goma da suka wuce. Jiya da yamma Manaja Faruk ya kira ta, ya ce masu bincike sun ɗage zuwansu sai mako mai zuwa, sannan ya miƙa mata ambulan ɗin ya ce saƙo ne na hannu da hannu. "Tunda garinku ne, ki yi kwana biyu a gida ki huta. Kin sha aiki."

Tana nan riƙe da takardar wayarta ta yi ƙara. Jummai ce, shugabar matan da ke tsince shinkafa a kamfanin.

"Malama, ya jikin? An ce kina asibiti. Kada ki damu, komai na tafiya daidai. Matar ta tambaye ni kwandon shara mai launin ja na mene ne, na ba ta amsa yadda kika koya mana."

"Wace mata?"

"Mai binciken mana. Tun ƙarfe tara ta zo. Ki ga tafkin tace ruwan nan yau, tas! Tanka biyu suka zuƙe shi da safe, aka cika shi da ruwan burtsatse. Ko wari babu."

Hauwa'u ta ce ta gode, ta kashe wayar. Ta ajiye wa sakataren takardarsa a kan tebur, ta nufi tasha da sauri.

Shekara uku ke nan tana aikin jami'ar muhalli a kamfanin sarrafa shinkafa na Farin Wata. An ɗauke ta ne saboda wani babban mai saye a Legas ya ce ba zai ƙulla kwangila da su ba sai sun nuna satifiket ɗin kula da muhalli da ake kira ISO 14001. Ita ta tsara komai daga tushe. Ta hana ƙona ɓuntun shinkafa a fili, ta sa aka yi wa durom-durom na baƙin mai daɓen siminti, ta buɗe littafin koke na maƙwabta, ta koya wa leburori da direbobi abin da za su yi idan gas ya zube. Abu ɗaya ya gagare ta. Tun da aka ƙara injin jiƙo na biyu, tafkin tace ruwa ya yi kaɗan. Abin da ya ragu sai ya bi wani bututu da aka binne a ƙarƙashin katangar baya, ya zube a fadama da zafinsa da warinsa. Sau goma sha ɗaya ta rubuta wannan a rahotonta na wata-wata.

Ta samu kujerar ƙarshe a motar Birnin Kebbi, ta matsu tsakanin wata mai kwandon albasa da ƙofa. Zafin bazara ya cika motar. Har suka wuce Ambursa tana lissafin abin da take shirin yi. Mata ɗari da arba'in ne ke tsintar shinkafa a kamfanin, kuma an yi musu alkawarin aikin dindindin idan kwangilar ta zo. Da ta zauna a gidan uwarta ta sha fura, babu wanda zai zarge ta. Amma sunanta ne a bangon kowane fayil da za a buɗe wa matar nan. Ta tuna yadda Faruk ya ce mata kin sha aiki, da murmushi, sai ta yi tsaki.

A Birnin Kebbi ba ta jira mota ta cika ba, ta hau kabu-kabu har Kalgo. Ƙarfe ɗaya da rabi ta sauka a ƙofar kamfanin. An yi wa ƙofar sabon fenti kore.

Albarka maigadi ya leƙo ta ƙaramar taga, bai zare sakata ba.

"Malama, ki yi haƙuri. An ce kada in buɗe miki yau."

"Wa ya ce, Baba Albarka?"

"Kin san wanda ya ce. Ni ina da iyali."

Ta dube shi. Dattijo ne da ke ajiye mata inuwa idan ta zo da babur ɗin ƙaninta. Ba ta ja da shi ba.

"Ba komai, Baba. Kai dai ba ka buɗe ba."

Ta bi gefen katanga, ta ratsa gonar gero da aka girbe tun kaka, ta gangara fadama. Tun kafin ta kai warin ya tare ta, irin na shinkafar da ta kwana uku a ruwa. Ƙasar wurin ta zama baƙin taɓo, ciyawa ta ƙone a da'ira. Bakin bututun kuwa an cusa masa buhuna, an jingina sabuwar zana a kai.

Inna Larai na can da sandarta, tana kora shanu daga baƙin kududdufin. Daga rugar da ke hanyar Diggi take. Sau uku tana zuwa kamfanin da ƙafarta ta kai kuka, sau ukun kuma Hauwa'u ta rubuta a littafi ta karanta mata. Na ƙarshe kan maraƙarta ne da ta sha ruwan ta yi kwana huɗu tana zawo ta mutu.

"Ɗiyata, yau ruwanku bai zubo ba," in ji Larai. "Sallah kuke yi?"

"Baƙuwa muka yi, Inna. Wadda za ta ba mu takardar cewa ba ma ɓata wa kowa ƙasa."

Larai ta yi dariya ba tare da ta buɗe baki sosai ba. "To a kawo ta in gaishe ta."

"Abin da na zo yi ke nan. Ki tsaya nan, kada ki tafi ko an kore ki."

"Wa zai kore ni? Nan anka haifi ubana."

Akwai ƙaramar ƙofar da ake fitar da toka, waya kawai ake ɗaure ta da ita. Sai dai babu hanyar kai wa gare ta sai ta cikin taɓon. Hauwa'u ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta tattare zane, ta shiga. Taɓon ya kai mata gwiwa, da ɗumi kamar kunu. Ta warware wayar, ta tura ƙofar da kafaɗa.

Ta ratsa tsakar kamfanin ba takalmi. Matan rumfar tsinta suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya. Jummai ta miƙe, tire a hannunta.

A ɗakin taro iyakwandishan na aiki, an jera lemo da gasasshen nama. Faruk na zaune a kan gaba da shugabannin sassa. A gefensa wata mata ce mai furfura kaɗan da tabarau, ta buɗe kwamfuta tana shirin karanta sakamako. Hauwa'u ta yi sallama. Sawunta ya bar baƙin tambari a kan tayil.

Faruk ya miƙe. "Madam Esta, wannan ita ce jami'ar tamu. Kamar yadda na faɗa miki, ba ta jin daɗi. Hauwa'u, je ki ofis, ina zuwa."

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe. Daga Gwandu nake, na isar da saƙonka."

Madam Esta ta dubi ƙafafunta, ta dubi fuskarta. Ta jawo wani shuɗin fayil ta buɗe, ta juya shi wajen Hauwa'u. Hausarta irin ta mutanen Zuru ce, a hankali take fita.

"Tun safe nake son ganinki. Wannan gwajin ruwa ne na wata shida, duka lafiya lau. Ban taɓa ganin kamfanin da ruwansa bai taɓa yin laifi ko sau ɗaya ba. Sa hannunki ne wannan?"

Hauwa'u ta duba. An yi ƙoƙari, har lanƙwasar da take yi a ƙarshe an kwaikwaya.

"Sunana ne. Hannun ba nawa ba ne."

Madam Esta ta gyara tabarau.

"Ina naki takardun gwajin?"

"Jiya na bar su a durowata, ban san inda suke yau ba. Amma na ɗauki hoton kowane shafi a wayata. Kuma in kina so, akwai abin da ya fi takarda. Minti biyar ne daga nan."

"Hauwa'u!" in ji Faruk.

"Manaja," Madam Esta ta ce, tana rufe kwamfutar, "ƙa'ida ta ba ni damar duba duk inda aikinku ya taɓa. Ka zo mu je tare, ya fi."

Suka fita a jere cikin rana. A ƙofar toka Madam Esta ta tsaya, ta toshe hanci da gyale, sannan ta sauke gyalen kamar ta ji kunya. Hauwa'u ta sake shiga taɓon, ta ture zanar, ta kama buhun farko ta fizge. Na biyu ya fito da kansa. Ruwan da ya taru a bututun ya biyo baya, ruwan ƙasa-ƙasa mai kumfa, ya malala zuwa kududdufin.

Larai ta matso, ta dogara da sandarta.

"Ke ce baƙuwar? Sannu da zuwa. Ni ban iya karatu ba, ban san mi za ki rubuta ba. Amma ki rubuta cewa rani biyu ke nan muna kai shanu har gulbi, tafiyar rabin yini, ga ruwa a ƙofar gidanmu. Ki rubuta maraƙata. Jar mace ce." Ta juya ga Faruk. "Kai kuma, Alhaji, ba mu ce ku tashi ba. Shinkafarku muke ci. Ku riƙe ruwanku a gidanku, shi ke nan."

Madam Esta ta tambayi sunanta da na rugarsu, ta rubuta, ta ɗauki hotuna. Ta ɗebi ruwan a kwalba biyu, ta ba Faruk ɗaya ta riƙe ɗaya.

Taron rufewa bai yi minti goma sha biyar ba. Ta ce ba za ta ba da shawarar a ba su satifiket ba. Ta yaba rumbun mai da rabon shara da horon ma'aikata, ta ce da wuya take ganin irinsu. Sannan ta karanta manyan laifuka biyu, ta ba su kwana casa'in su gyara kafin ta dawo.

"Bututun aikin magina ne," ta ce wa Faruk tana saɓa jaka. "Fayil ɗin nan shi ne zai ba ku wahala a wajen ofishinmu."

Da motarta ta fita, labari ya riga ya kai rumfar tsinta. Matan suka tsaya cirko-cirko. Jummai ta tare Hauwa'u a tsakar fili.

"Da na sani ban kira ki ba. Ke kina da digiri, ko'ina za ki samu aiki. Mu fa? Mijina shekara biyu yana kwance, kin sani."

"Na sani, Yaya Jummai."

"To me ya sa?"

"Da an ba mu yau, ranar da mai sayen ya turo nasa mutanen suka ga bututun, kwangilar da satifiket ɗin za su tafi tare. Ba za a ba mu kwana casa'in ba."

"Wannan zancenku ne na 'yan boko," in ji Jummai, ta juya ta shige rumfa.

Faruk ya fito daga ofis, ya tsaya a inuwar baranda. Ya cire hularsa yana share goshi. Bai ɗaga murya ba.

"Kin san me mai kamfani zai ce mini yau? Ni ma ba na son bututun nan. Da kwangilar ta zo, da mun haƙa tafkin."

"Haka ka ce bara, ranka ya daɗe."

"Kin kashe mu, Hauwa'u."

"Mako shida ake haƙa tafki na biyu. Zanen tafkin yana wajen injiniya tun watan azumi, filin kuma namu ne. In an fara Litinin, za mu gama da sauran lokaci."

"Mu? Kada ki zo Litinin."

"In kora ce, a ba ni a rubuce da dalili, in haɗa da takardun da matar nan za ta nema in ta dawo. In babu takarda, ƙarfe bakwai ina nan."

Ya mayar da hularsa, ya shiga ofis, ya ja ƙofa.

Hauwa'u ta bar wurin. Ta zauna a kan wani bulo kusa da rumfar. Taɓon ya bushe a ƙwaurinta ya fara tsagewa, fatar na mata ƙaiƙayi. Ƙarar tiren masu tsinta ta ci gaba.

Can sai ga Jummai da bokitin ruwa da guntun sabulu. Ta dire shi a gabanta da ƙarfi har ya fantsama, fuskarta a ɗaure.

"Wanke, kafin ya cinye miki fata," ta ce. Ta yi taku biyu, ta tsaya ba ta waiwayo ba. "Mako shida kika ce?"

"Shida."

"Zan ƙirga."