Sista Ta Koma Aji

"Ki ƙara buɗe min shi," in ji Sista. "Ƙafar hagu kawai. Ta dama lafiyarta ƙalau."

Na ɗago kai daga keken ɗinki. Tana tsaye bakin ƙofata, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan riƙe da wandon yunifom. Ba yau ta fara kawo min shi ba, na riga na farke ɗinkin nan har babu sauran yadin da zan saki.

"Ni dai tunda nake ɗinki ban taɓa ganin mai ƙiba da ƙafa ɗaya ba," na ce. "Zauna in gani."

Ta yi dariya ta zauna, amma sai da ta cije leɓe kafin ta kai kujera. Ta ɗaga siket ɗinta. Ƙafar ta kumbura tun daga idon sawu har gwiwa, fatar tana sheƙi kamar an shafa mata mai. Na kai hannu na ji zafi rau.

Ƙofar Sista tana kallon tawa, a saman benen da muke haya. Ta haura shekara ashirin tana aikin jinya a babban asibiti, da lasisinta da komai. Abu ɗaya ne ba ta da shi, digiri. A zamaninsu makarantar jinya ake gamawa a kama aiki, babu mai tambayar wani digiri. Sai ga shi wata yarinya da Sista ta koya wa neman jijiya a hannun marar lafiya ta je jami'a ta dawo, aka ba ta shugabancin ɗakin marasa lafiyar da Sista ta tsufa a ciki. Ranar da aka sanar, a falona ta yi kukanta, don ba ta so mijinta ya gani.

Daga nan ta shiga karatun da ake yi wa irinsu, masu lasisi da ke son cike digiri. Aiki duk mako, ƙarshen mako ta hau motar haya zuwa wani gari mai nisa ta zauna a aji, ta dawo ƙafafu sun sage saboda zama. Duk ranar aikin da ta tsallake sai ta rama wa wadda ta riƙe mata. Yanzu ta kai zangon ƙarshe, inda aka turo ta asibitinsu a matsayin ɗaliba, cikin kayan ɗalibai, a ƙarƙashin yarinyar nan. Jarrabawar gwaji kaɗai ta rage mata.

Na jawo kwalbar man zafi daga kan taga. "Miƙo nan in murza miki, jinin ya sake."

"Kar ki taɓa!"

Yadda ta daka tsawar sai da kwalbar ta kusa suɓuce min. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta sauke siket ɗin, tana kallon zaren da ya zuba a ƙasa.

"Yi haƙuri, Yaya," ta ce. Haka take kirana, don na girme ta. "Irin wannan ba a murza shi. Gudan jini ne ya tsaya a jijiya. In aka murza ya ɓalle, huhu zai nufa."

"In ya je huhu fa?"

Ta miƙo min wandon. Na ajiye kwalbar na ce:

"To me kike yi a gidana da wando? Ba a asibiti kike wuni ba? Likitocin sun ƙare ne?"

"In na buɗe kati, gado za su ba ni. In suka ba ni gado, na rasa kwanakin horon, kuma wanda bai cika su ba ba ya shiga jarrabawa. Sai in maimaita shekara. Asibiti ba za su sake ba ni izinin karatu ba, sun faɗa tun farko. Yaya, kin ga furfurar nan? Wace shekarar ce zan maimaita?"

"Ranki fa?"

"Ina shan magani. Doguwa tana kula da ni."

Doguwa ƙawarta ce, tare suka fara aiki. Na santa, na kuma san halinsu duka. Nas ba ta bin layi ta ga likita. A lungu take tare 'yar'uwarta, wannan ta ce kaza ne, waccan ta ce e kaza ne, a samo allura a yi wa juna a ɗakin canza kaya, kowa ta koma bakin aikinta. Su ne masu zagin mutane don sun zauna da ciwo a gida, su ne kuma suka fi kowa zama da shi.

Na sa wa wandon ƙyalle a gefe, raina a ɓace. Da yamma na tare mijinta a matakala, ya dawo daga makarantar da yake koyarwa, hannunsa duk alli.

"Malam, ka ga ƙafar matarka kuwa?"

"Na gani. Ta ce da sauƙi."

"Kai kuma ka yarda?"

Ya sosa ƙeya. "Maman tela, ni lissafi nake koyarwa. Ita ce ta san asibiti. In ta ce da sauƙi, ni wa zan ce wa ba haka ba?"

Abin da ya ci mu kenan, dukanmu. A benen nan in yaro ya yi zazzaɓi ita ake kira, in tsohuwa ta faɗi ita ake kira. Ba mu saba ganin Sista a matsayin marar lafiya ba, kuma bakin kowa ya yi nauyin ya koya mata aikinta.

Doguwa na ci gaba da zuwa bayan an tashi aiki, da 'yar jakarta. Wata rana na same su, Sista ta miƙe ƙafa kan matashi, littattafai zube a jikinta, Doguwa tana zuƙo allurar tsinka jini.

"Ke ma da hankalinki?" na ce wa Doguwa. "An yi mata hoton ƙafar nan?"

"In aka yi hoto ai an buɗe kati," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Abin da likita zai rubuta shi nake ba ta. Ta gama jarrabawa, ni da kaina zan kwantar da ita, in ɗaure ta a gado in ta kama."

"Kin ji ko, Yaya?" in ji Sista tana murmushi. "Na samu mai gadi."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba. Daga baya na ji cewa allurar ba kullum ake samunta ba, sai abin da ya ragu a ɗakin marasa lafiya, kuma ko a makon nan sai da Sista ta sake yin doguwar tafiyar nan a mota don kai aikin bincikenta.

Ranar jarrabawa ina share gaban ƙofata na ji ta fito. Ta goge kayan ɗaliban nan sun yi fes, ta maƙala ƙaramin agogonta a ƙirji.

"Yaya, a yi min addu'a. Yau zan gyara gado a gaban malamai, su ga ko na iya."

"Allah ya ba da sa'a. Daga can ki wuce gadon naki."

"In sha Allah."

Ta fara sauka tana riƙe da ƙarfen matakala. Ban gama tattara sharar ba na ji takunta ya tsaya. Na leƙa. Tana zaune a kwanar bene, bayanta jingine da bango, bakinta buɗe tana jan numfashi gajere-gajere. Na yar da tsintsiya na sauka da gudu.

Gumi ya jiƙa mata goshi, leɓunanta sun canza launi. Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta, idonta a kan agogon ƙirjinta, tana ƙirga bugun zuciyarta kamar na wani marar lafiya da aka kawo mata. Sai ta saki hannun. Ta dube ni, na gane ta sani.

"Gudan jinin ya tashi," ta ce.

Na ƙwala ihu. Malam ya riga ya tafi makaranta, Auta 'yarsu ma haka. Mai shagon ƙasa ya hau da gudu, da wasu mata biyu. Suka kama ta za su shimfiɗar.

"A'a... ku bar ni zaune," ta ce. Ko a lokacin ita ke ba da umarni, mu muna bi.

Mai shago ya tare tasi. Muka ɗauke ta a zaune, ni na shiga baya na rungume ta. Titi cike da masu zuwa aiki, direba yana ta danna oda babu mai matsawa. Kanta yana kafaɗata, ina jin numfashin yana ƙara gajarta.

"Yaya... wayata."

"Bar waya, mun kusa."

"Kira Doguwa. Ki ce... ta gaya wa malaman... zan ɗan makara. Kar su cire sunana."

Na kira. Wallahi na kira, na faɗa kamar yadda ta ce, ina kuka. Ta lumshe ido kamar an sauke mata kaya.

A ƙofar ɗakin gaggawa mai tura keken marasa lafiya ya gane ta, ya saki salati. Kafin ka ce me, fararen kaya sun cika wurin. Doguwa ta iso ba takalmi a ƙafa ɗaya. Yarinyar nan shugabar ɗaki ta fito daga inda ake jiran Sista da malaman jarrabawa, ta ture kowa, ta kama hannunta tana neman jijiya tana cewa, "Mama, Mama, ki dube ni." Aka ja labule. Na zauna a benci da jakarta a cinyata, ina jin gudu da kiran sunayen magunguna. Can na ji komai ya lafa. Wani ya leƙo yana tambaya ko akwai wanda ya san lambar katinta. Babu wanda ya amsa, don ba ta da shi.

Ban yi wa Doguwa magana ba a zaman makoki, ita ma ba ta iya haɗa ido da ni ba. Haushinta nake ji, da na Malam, da na asibitin, da na Sista kanta. Har yau haushin bai gama fita ba, kuma ban san inda zan kai shi ba.

Bayan an watse Malam ya shirya ya tafi jami'ar. Ya ce ko don Auta, yana so a ba shi takardar digirin uwarta. Ya dawo da yamma, na ji yana ta fama da makulli, na fito.

"Sun karɓe ni da mutunci," ya ce. "Har ruwa suka ba ni. Sun ce duk darussanta ta ci, aikin bincikenta ma an yaba. Amma ba ta zauna jarrabawar ƙarshe ba, to ba ta kammala ba. Sun ce doka ce."

Na karɓi makullin na buɗe masa. Ya shiga ya zauna a kujera bai kunna fitila ba. Ni na tsaya tsakar falon, sai idona ya kai bango. Tsohuwar takardarta ta makarantar jinya, wadda ta yi shekaru a tsakiyar bangon cikin gilashi, an matsar da ita gefe. Inda take a da fentin ya fi haske.

Malam ya ga inda nake kallo.

"Ita ta sa ni," ya ce. "Wai kar ranar ta zo muna yawon aron guduma."

Kusa da tsohuwar takardar, daidai tsayinta, akwai sabuwar ƙusa a kafe. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kanta, 'yar inuwarta ta kwanta a bango.