Gaisuwar Fiddausi Ga Malamar Koriya

Da ƙanwata Fiddausi ta ce yaren Koriya za ta koya, duk gidanmu na Tamawa dariya aka yi mata, ni ma har da riƙe ciki. Amma yarinyar nan kafiya gare ta kamar ƙusa a katako. Karatun aikin gona take so ta je yi can, kuma sai da yaren ake ɗauka.

Ni ne mai babur, don haka ni na sha yawon. Mun je jami'a a Dutsin-Ma, aka ce akwai Larabci da Faransanci. Mun je wurin Alhaji Mamuda mai littattafai a kasuwa, ya daɗe yana tono, ya miƙo mana takardar da ke cikin kwalin rediyo, wai ai duk rubutunsu ɗaya ne. Daga ƙarshe a waya ta koyi haruffan, tana kwafa a littafin rubutu har ta cika uku.

Wata bakwai tana haka kafin ta gano ajin wata tsohuwar malama, Malama Han, da ke koyarwa kyauta ta intanet. Mutum goma sha biyu take ɗauka a shekara, kuma sai ta gan ka ta bidiyo na minti biyar. Wanda ya faɗi sai baɗi.

Sabis ɗin Tamawa ba abin dogaro ba ne, sai muka yi sammako zuwa shagon kwamfutar Yazid a Dutsin-Ma. Ƙarfe tara daidai fuskar dattijuwa mai furfura ta bayyana a allon kwamfutar.

To, Fiddausi tunda aka haife ta ba ta taɓa gaida babba daga kan kujera ba. Tana ganin furfura ta zame ta durƙusa a ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta jero gaisuwar da ta haddace. Abin da malamar ke gani kujera ce kawai da kalandar Yazid.

"Ke Fiddausi, mi kike yi haka? Tashi, ba ta ganin ki!" na ce.

Malamar ta kira sunanta sau biyu, ta kai hannu kamar za ta kashe bidiyon. Fiddausi ta yi wuf ta hau kujera, idonta ya cika da ƙwalla. Na ce shi ke nan, wata bakwai sun tafi a banza.

Sai ta buɗe baki. Ba haddar ba ce wannan, kalma ɗaya-ɗaya take nemowa, tana tuntuɓe tana tashi. Daga baya ta gaya mini abin da ta ce: "A garinmu babba yana sama, yaro yana ƙasa. Ke babba ce."

Tsohuwar ta ture kujerarta baya, ta miƙe, ta sunkuya har ita ma ta ɓace daga allon, sai shiryayyun littattafanta muke kallo. Da ta dawo ta zauna, ta ɗaga takarda ta rubuta sunan Fiddausi a gabanmu, na goma sha ɗaya.

Yazid ya tambaye ni, "Wai ƙanwarka ce?"

Na ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya." Wallahi da ƙarfi na faɗa, har masu jiran hoto a waje suka leƙo.