Kunnuwan Rinoza

Ban taɓa son Rinoza ba, ita ma ba ta taɓa yin kamar tana sona ba. Ƙanwar mijina Jabarulla ce, autar Umma Sulaiha. Ranar da aka kawo ni gidansu tana 'yar makaranta, ta leƙa ƙarƙashin mayafina ta ce, "Au, wannan ce?" Daga nan muka fara.

Ta tafi Kolombo karatu, daga can ta wuce ƙasar waje, mu kuwa muna nan ƙauyenmu na bakin teku kudu da Mannar, muna shanya kifi muna korar jakuna daga shanyar. Da ta dawo, ba miji ta kawo ba, akwatuna ta kawo. A ciki akwai wasu ƙarafa uku masu kama da turmi siriri, kowanne da igiya da ƙugiya. Ta ce na'urorin sauraro ne, cibiyar da take wa aiki ce ta aiko ta ta nutsar da su a teku.

"Ki saurari me?" in ji Jabarulla. "Gulmar kifaye?"

"Kukan ayu, Yaya, dabbar ruwan nan mai cin ciyawa. Suna kuka kamar 'yan tsaki. In mun ji su za mu san ko sun rage a ciyawar ruwan nan ko sun ƙare."

Ya yi dariya har da buga cinya. Amma shi da kansa ya ɗauke ta a jirginsa, ya nuna mata inda ruwa ba ya ja da ƙarfi, ya ɗaure mata ƙarafan da hannunsa. Da yamma a rumfar shayi yana ta cika baki wai ƙanwarsa ta zama likitar teku. Mutane suka sa wa ƙarafan suna kunnuwan Rinoza.

Lokaci zuwa lokaci sai ta je ta ciro abin da suka ɗauka, ta kulle kanta a ɗakin baya da kwamfuta, abu toshe a kunnuwanta. Ni ce mai tuƙa shinkafa, ni ce mai kankare kwakwa, ita sai dai a ƙwanƙwasa mata a ce abinci ya sauka. Wata rana na shiga ɗaukar tsintsiya na ji wani sauti kamar ana suya a mai. Ta ce jatan lande ne, haka suke yi dare da rana, aikinta shi ne ta tace wannan hayaniyar ta ga abin da ke ƙarƙashi. Na ce da ta taya ni tace miyar kwakwa da ya fi. Ba ta ko ɗago ba.

Abin da kowa ya sani a ƙauyenmu, ba kuma wanda yake faɗa, shi ne wasu jirage suna fita da nakiya. Tun da manyan jirage suka fara share tekun, raga ba ta kawo abin kirki. Sai mutum ya je kan duwatsun murjani, ya jefa kwalba ɗaya, kifi ya taso fari fat, ya kwashe ya dawo kafin rana ta yi zafi. Jabarulla ba kullum yake yi ba. Amma yana yi, kuma na sani, don ni nake wanke kifin, na san yadda cikinsu yake fashewa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mun gama cin abinci, sai ga Rinoza da kwamfutarta. Ta ajiye a kan tabarma gaban yayanta.

"Yaya, ina so ka ji wani abu."

Suyar jatan landen ta fara. Can sai wani dum! mai nauyi, har Umma ta zabura. A fuskar kwamfutar wani jan layi ya tsaya tsaye kamar an tsaga zane.

"Tsawa ce," in ji Jabarulla.

"Tsawa ba ta yin haka a cikin ruwa. Kuma ƙarar ba ta isa kunnuwan uku a lokaci ɗaya. Ta fara isa na kudu, sannan na tsakiya, sannan na arewa. Da wannan ratar nake gane inda aka jefa. Kan dutsen da kuke cewa Bakin Kada ne."

"To sai me? Jirgi nawa ne a tekun nan?"

Ta danna wani wuri. Sai ga ƙarar inji, amma ba sumul ba, yana tafiya yana ɗingishi, tak-tak-taf, tak-tak-taf.

"Farfelarka ce. Reshe ɗaya ya gutsure tun da ka bugi dutse bara. Da wannan jirgin ka kai ni, Yaya. Na san muryarsa kamar yadda na san tarinka."

Jabarulla ya ture kwanon wanke hannu da ƙafa, ruwa ya malale a tabarma.

"Ashe ba ayu kika zo nema ba. Ni kika zo nema."

"Ayu na zo nema. Na ji uwa da ɗanta a wurin nan watanni. Tun ranar wannan ƙarar ban sake jinsu ba."

"Allah Ya ji ƙan ayu! Ke, da wane kifi kike tsammani aka yi miki karatun? Da wanda aka roƙa ya shigo raga?"

"Ban ce ka yi ba."

"Ba ki ce ba, amma kin ci!"

Na ce, "Ta ci har ta yi kumatu." Ta juyo ta kalle ni. "Yaya Hinaya, ba da ke nake ba." Na ce ai gidan mijina ne, duk maganar da aka yi a kan tabarmar da na shimfiɗa da ni ake.

Umma ta ce a yi wa Allah a bari. Rinoza ta rufe kwamfutar, ta ce ba ta sa sunan kowa a rahotonta ba, amma wuri da lokacin kowace fashewa sun riga sun tafi ofis, ba ta da ikon gogewa, kuma ko tana da shi ba za ta goge ba. Ta ce, "Kada ka sake zuwa Bakin Kada. Abin da zan iya yi maka ke nan."

Ya zage ta, ya zagi ofis ɗin, amma bai sake zuwa ba.

Ba a daɗe ba 'yan sintirin ruwa suka yi kwanto a wurin da safe. Suka kama jirage biyu da nakiya a ciki, na Mashur maƙwabcinmu da na Antoni, wanda suke fita tare da Jabarulla tun suna samari. Aka tafi da mutanen, aka ja jiragen. Jirginmu kuwa yana kife a kan yashi, Jabarulla yana gida wai bayansa yana ciwo.

Ba sai an yi wa mutanen ƙauye lissafi ba. Kafin la'asar matar Mashur ta tsaya a bakin dangarmu ta ganyen giginya, ɗankwali a hannu.

"Hinaya! Fito ki gaya mini yadda aka yi mijinki ya san ranar da zai yi ciwon baya!"

Na fito na ce ta iya bakinta. Ta ce, "Munafukai! Kun nutsar da kunnuwa a ruwa, kun ajiye baki a ofis. Allah Ya isa tsakanina da gidan nan." Ta tofar da yawu a ƙofarmu. Matar da muka yi shekaru muna aron gishirin juna.

Daga ranar aka juya mana baya. In Jabarulla ya kawo kifi rumfar gwanjo, dillali sai ya tsallake kwandonsa kamar bai gani ba, sai rana ta dake shi sannan wani ya taya da wulaƙanci. A rumfar shayi in ya zauna, benci ya watse. A masallaci ma sai da aka bar masa fili dama da hagu. 'Yarmu Asmiya ta dawo daga makaranta da kuka, wai ana ce mata 'yar gidan kunne. Wata safiya muka tarar an yayyanka ragarmu da wuƙa.

Rinoza kuwa tana ɗakin baya tana sauraron jatan lande. Na tura ƙofar na ce, "Kin ga abin da kika jawo?" Ta ce, "Ni na jefa nakiyar?" Na ce, "Ke ba ki da miji, ba ki da ɗa, gobe ki ɗauki jaka ki koma Kolombo. Mu a nan za a binne mu." Ta ce, "In aka ci gaba da fasa duwatsun nan, Asmiya ba za ta sami kifin da za ta wanke ba." Na ce ta cire sunan 'yata daga bakinta.

Jabarulla ya daina magana, ya daina cin abincin kirki. Ranar da matar Antoni ta wuce shi a hanya da yaranta, ya gaishe ta ta ɗauke kai, ya dawo gida idonsa ja. Washegari da hantsi ya tura jirgi shi kaɗai. Shi ya ɗaure ƙarafan, ya san inda suke.

Ya dawo lokacin da rumfar gwanjo ta cika. Ina wurin, na kai busasshen kifi. Ya sauko da kunnen tsakiya a kafaɗa, duk ya yi gansakuka, ya jefar da shi a kan siminti. Ya ɗauko guduma.

"Ga abin da ya ci amanarku!" ya ce. "Ba ni ba ne! Ku duba da kyau!"

Ya yi ta dukansa har ya tsage, ruwa da wayoyi suka zubo. Wasu suka yi shewa. Dillalin da ya yi makonni bai kalle shi ba ya dafa kafaɗarsa. Ni kam, gaskiya, sanyi na ji a raina.

Sai ga Rinoza ta ratso taron. Wani ne ya kai mata labari. Ta tsuguna ta tattara ɓaraguzan. Wata mata ta ce, "A kai wa ayu ya yi jinya." Aka fashe da dariya. Ta miƙe ta dubi yayanta.

"Abin da ya ɗauka na wata biyu yana ciki. Ka san haka?"

"Na sani."

"Ba kayana ba ne, Yaya. Za a tambaye ni wanda ya yi."

"Ki faɗa mana. Ai kin saba."

Na ɗauka ba za ta iya ba. Umma ta riƙe mata ƙafa a tsakar gida, tsohuwa da furfura, tana cewa ta ce igiya ce ta tsinke, ta ce guguwa ce. Rinoza tana kuka ta ce mutum fiye da hamsin sun gani, in ta yi ƙarya aikin gaba ɗaya ya mutu, ba wanda zai sake yarda da abin da kunnuwan suka ji. Umma ta saki ƙafar ta ce, "To je ki. Amma in kin fita da wannan niyyar, kada ki dawo mini." Ta shiga ta haɗa jakarta. Ni na buɗe mata ƙofa.

'Yan sanda suka zo suka tafi da Jabarulla a gaban Asmiya. Ya yi makonni a tsare, a ɗaki ɗaya da Mashur da Antoni, a can suka shirya. Matar Mashur ta aiko mini da gurasar roti da miyar kifi, ba ta ce komai a kan yawun ba, ni ma ban tayar ba. Kafin a sake shi sai da jirgin ya tafi, aka sayar aka biya tara da lauya. Ya fito ba jirgi ba raga. Ya yi ɗan lokaci yana bin jirgin wasu, abin bai yi masa ba, mutumin da ya saba ba da umarni. Ƙarshe wani ɗan kawunsa ya samo masa aikin gini a Katar. Yanzu muryarsa kawai muke ji a waya, yana tambaya ko iska ta juya.

Cibiyar ta kawo sababbin kunnuwa, sun fi na da yawa, wannan karon jirgin hukuma ne ya nutsar da su, ba wanda ya san wurin. Nakiya ta yi sauƙi a gaɓarmu. Masu yi sun koma can arewa inda ba a sauraro.

Na sake ganin Rinoza sau ɗaya, a asibitin Mannar, lokacin da hawan jini ya kayar da Umma. Na fito ɗebo ruwan zafi na same ta a baranda, ta rame, riƙe da ledar lemu. Ta miƙe.

"Yaya Hinaya, ya jikin nata?"

"Da sauƙi."

"Zan iya shiga?"

"Ta ce ko gawarta kada ki taɓa."

Ta tambayi Asmiya, na ce tana lafiya. Ta tambayi yayanta, na ce yana ɗaukar bulo a rana, ta gode wa Allah. Sannan ta ce, kamar ba da ni take ba, wai watan jiya ta sake jin kukan ayu a Bakin Kada, guda biyu, wataƙila uku.

Na ce, "To ki je su yi miki zumunci."

Ta miƙo ledar. Na karɓa, don Umma tana son lemu, na shiga na ce wa Umma daga matar Mashur ne. Da na sake leƙowa baranda ba kowa sai wata tsohuwa tana gyangyaɗi a kan benci.